Muryar Baba Yohanna a Kwandon Shara

A duk shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata da damina, ranar da na share muryar wani mamaci da hannuna. Ku da kuka shigo sashen nan kwanan nan kuna yi mini tsiya wai na cika surutu da mai kwamfuta kafin in taɓa ko da waya ɗaya. To, ku zauna ku ji dalili.

Lokacin ina matakin albashi na takwas, a sashen kula da na'urori na wata ma'aikata a Garki. Sunan da aka laƙaba mini shi ne Sani Fomat, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Ga wanda bai san aikin ba: kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke fara farkawa sannan ta tashi sauran. In ta lalace, na'ura za ta kunnu amma ba za ta kai ka ko'ina ba. Hanyar gyara biyu ce. Ko ka lallaɓa ta ka nemo inda ta samu rauni, wanda kan iya cinye maka yini guda, ko ka kwashe takardun mutum a wani faifai, ka share komai, ka zuba sabuwar manhaja. Wannan ta biyun ita ake kira fomatin. Ni kuwa ba ni da haƙurin ta farko, har alfahari nake yi da saurina.

Mama Rifkatu ita ce sakatariyar Darakta. Mutuniyar Filato ce, ta fara aiki tun zamanin tafireta, kuma saura mako uku ta yi ritaya. Kowace Litinin sai ta aiko mana da dafaffiyar gyaɗa, tana cewa mu ne likitocinta. Mijinta, Baba Yohanna, ya rasu shekara biyu kafin nan, bayan doguwar jinya a Gwagwalada. Kullum ita ke riga kowa zuwa ofis, mu kuma muka ɗauka tsabar son aiki ne.

Ran nan wuta ta ɗauke kwamfutarta na tsakiyar sabunta kanta. Da aka dawo da wutar, sai ta riƙa kunnuwa, ta nuna shuɗin allo, ta mutu, ta sake kunnuwa. Darakta kuma yana da taro ƙarfe biyu, duk takardunsa suna ciki. Shugaban sashenmu, Oga Isa, ya rako ni da kansa har teburinta.

"Sani, awa nawa?"

"In lallaɓawa ce, sai yamma, Oga. In fomatin ne, kafin azahar an gama."

"To me kake jira? Shap-shap."

Na bi ƙa'ida tsaf, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Na cike katin aiki, wanda mai kwamfuta ke sa wa hannu kafin a share komai. Na tashi na'urar da filas ɗina, wato ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai da ake soka wa kwamfuta, na buɗe faifanta, na kwashe duk wasiƙu da rahotanni da abin da ke kan fuskar allo. Sannan na juyo da allon wajenta, kamar yadda doka ta ce.

"Mama, duba da kyau. Akwai abin da ya rage?"

Ta dubi allon, ta dubi Oga Isa da ke tsaye a kanmu yana kaɗa makullin mota. Na ga ta buɗe baki ta rufe. Na gani da idona, amma hankalina yana kan agogo.

"Shi ke nan, Injiniya," ta ce a hankali.

Ta sa hannu a katin, na danna fomatin. Kafin ɗaya da rabi na'ura ta tashi garau, Darakta ya sami takardunsa, Oga Isa ya dafa kafaɗata ya tafi.

Yana fita ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Ɗana, buɗe mini kwandon sharan nan."

Tana nufin wurin da kwamfuta ke tara abin da aka goge kafin a zubar da shi gaba ɗaya. Na buɗe, babu komai. Na ce mata ai shara ba a kwashe ta, wa zai ɗauki shara ya kai sabon gida? Har da 'yar dariyata.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta dafe tebur da hannu biyu, ta gaya mini. Lokacin da Baba Yohanna ke kwance a asibiti, ita tana zuwa aiki, yakan aiko mata da saƙon murya a waya. Sun kai arba'in. Bayan rasuwarsa 'yarta ta juye mata su a kwamfutar ofis, domin ba su da ita a gida, daga baya kuma aka zare wayar daga jakarta a cikin mota. An taɓa rarraba takardar gargaɗi cewa duk wanda aka kama da kayan kansa a na'urar gwamnati zai amsa tambaya, ita kuwa shekara talatin da huɗu ba a taɓa ba ta takardar tuhuma ba. Sai ta yi dabara. Ta lura masu bincike ba sa leƙa kwandon shara. Kowace safiya kafin mutane su zo sai ta fito da saƙo ɗaya, ta saurara, ta mayar da shi cikin kwandon.

"A gaban Oga ba zan iya faɗi ba," ta ce. "Na ce ko kwandon zai biyo sauran kayan da kansa."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kashe na'urar nan take, domin duk minti ɗaya da take aiki tana ƙara rubutu a kan abin da aka share. Na cire faifan, na sa mata wani. Na je na gaya wa Oga Isa gaskiya, ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Ni ban ji komai ba. Ɗauki kwanakin da kake buƙata."

Kwana uku na yi ina tono da manhajar farfaɗo da abin da aka goge. Sabuwar manhajar da na zuba ta zauna daidai kan yawancin saƙonnin. Sunayensu suna fitowa, in na buɗe sai ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. A rana ta uku, bayan la'asar, ɗaya ya yi magana. Bai fi tsawon numfashi biyu ba.

Na kai mata, ta sa abin ji a kunne ɗaya, ta miƙo mini ɗayan. Muryar dattijo ce, a gajiye amma da wasa a cikinta: "Rifkatu, kin isa ofis lafiya? Yau na ci abinci, kar ki damu. In za ki zo da yamma, ki biya kasuwa ki sayo mini..." Nan ya yanke.

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Lemun tsami ne," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Kullum lemun tsami. Sake kunna mini."

Sau shida na kunna mata. Na juye shi a filas biyu da sabuwar wayarta, na aika wa 'yarta ma. Ta yi ta sa mini albarka kamar ba ni ne na hallaka sauran ba, wannan kuwa ya fi mini zagi zafi.

Ta yi ritaya ta koma garinsu, ban sake ganinta ba. Ina kewarta ƙwarai. Ina kewar mutanen zamaninta, masu tsoron takardar gargaɗi fiye da yunwa, masu ɓoye abin da suka fi so a inda ba wanda zai kalla. Har yau in na bi ta gaban tsohon ofishinta da sassafe sai in rage sauri.

Abin da na koya shi ne, katin aiki yana kare ka ne daga tuhuma, ba ya kare mai kwamfuta daga asara. Mutum ba zai gaya maka abin da ya fi daraja a na'urarsa ba muddin shugabansa na tsaye. Saboda haka ku jira oga ya fita, ku rufe ƙofa, ku sake tambaya a hankali, ku leƙa ko'ina har kwandon shara. Da na jira minti biyar a ranar, da Mama Rifkatu ta tafi gida da saƙo arba'in. Ta tafi da rabin ɗaya, kuma ita ce ta yi mini godiya.