Layin Abokina a Cikin Noyau

Shekarun baya can, ni da abokina muna da ɗan shagon intanet, wato cyber, a unguwar Dagmanet cikin Agadez. Muka sayi wata clé mai araha, ƴar na'urar da ake soka wa kwamfuta don samun intanet, ordinateur ɗinmu, wato kwamfutar, ya ƙi saninta. Ni da na gaji na koma shan shayi, shi kuwa akwai taurin kai. Ya tona har ya gano cewa a cikin noyau, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da ordinateur, akwai jerin na'urorin da aka sani, tamu ba ta ciki. Ya rubuta layi ɗaya da zai sa tamu cikin jerin, ya aika wa masu kula da noyau, suka karɓa.

"Kai, ka ga sunana ya shiga duniya!" in ji shi. Na ce layi ɗaya tal, ko shayi ba zai saya ba.

Da cyber ya mutu, ya bi masu haƙar zinariya zuwa Tchibarakaten. Rami ya rufta da shi. Allah ya jiƙansa.

Bayan shekaru masu kula da noyau suka tashi share jerin. Al'adarsu ita ce kafin a cire tsohuwar na'ura a yi cigiya: mai ita ya gwada ya ce tana aiki, sai a bar ta. Na ga layin abokina cikin waɗanda za a cire.

Na tafi wurin mahaifiyarsa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ƴar na'urar nan tasa tana nan?"

Ta ciro ta daga cikin kwalla, naɗe a ɗankwali. "Ungo, ɗana, amma ka maido mini."

Na sa ta, ko wuta ba ta kawo ba. Na hura, na goge, na sauya ordinateur, har bismillah na tofa mata, ni da ke yi wa mutane dariya kan haka. Shiru. Ko da na ce musu tana aiki, ba mai zuwa Agadez ya duba, amma abokina bai taɓa aika abin da bai gwada ba. Na rubuta musu cewa ta mutu, su cire.

Da na mayar wa Inna na gaya mata komai, ta ce, "Mai ita ma ya tafi, balle ƙarfe." Ta sake naɗe ta a hankali.

Na san gyara ne, tarkace ba ya zama har abada. Amma har yau abin yana mini ciwo, don duk duniya ni kaɗai aka bari in tsaya masa, kuma ni na ce a goge.