Hajjo da Ruwan da Yaya Musa Ya Buɗe

Shekara talatin Hajjo ta yi tana auren Sodangi, manomin albasa a fadamar Danchadi ta ƙasar Bodinga, ba a taɓa jin muryarta a gaban yayan mijinta, Musa, ba. In ya shigo gida sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Matan unguwa da ita suke yi wa 'ya'yansu misalin kunya.

Da zuciyar Sodangi ta rikice, bugu ba kan gado, sai aka kwashe shi daga Bodinga zuwa wani asibiti a Sakkwato. Nas Bahijja ta ɗaura masa ruwa mai maganin daidaita bugun zuciya, ta ja wa Hajjo kunne cewa kada kowa ya taɓa, domin in ya shiga da sauri jini zai sauka ƙwarai.

Da hantsi sai ga Musa ya zo dubiya. Shi kuwa tun yarinta ban ruwa ne aikinsa, bai iya ganin ruwa yana jan ƙafa ya ƙyale.

"Mi ya hana ruwanga tahiya?" in ji shi. "Hakanga mutum ka samun sauƙi?"

Ya murza 'yar tayar da ke jikin robar ruwan, kamar mai buɗe wa albasa hanyar ruwa. Hajjo tana gani. Magana ta zo mata har baki, kunya ta mayar da ita. Abin haushi, tarbiyyar da ake yabonta da ita ce ta ɗaure mata harshe.

Ba a jima ba Sodangi ya jiƙe da zufa, hannunsa ya yi sanyi, ido ya kakkafe. Likita ya rugo ya tsayar da ruwan, aka ɗaga masa ƙafafu, aka auna jini aka tarar ya faɗi warwas. Likita ya ce dole ya san ko an taɓa robar, in ba haka ba zai ɗauka jikin ne ya ƙi maganin, ya janye shi. Musa, babban mutum da gemunsa, ya kama kallon rufi.

"Yaya na yab buɗe shi," in ji Hajjo. "Ni nig gani da idona."

Da jinin ya dawo, aka mayar da maganin a hankali, zuciyar ta daidaita. Bayan kwana shida Sodangi ya koma gida da ƙafarsa.

A Danchadi kuwa ba zancen warkewarsa aka yi ba. Cewa aka yi Hajjo ta tozarta yayan miji a bainar jama'a. Sodangin da take ta rawar jiki a kansa ne ma ya kira ta.

"Tahi ki ba Yaya haƙuri."

Ta je ta durƙusa, ranta yana ƙuna. Musa ya ce ya yafe mata.