Randar Mama a Kafaɗata

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman da na yi a Najeriya, wasu ma yanzu sai an tuna mini. Amma ranar da na ɗauki randa a kafaɗa na tsallake sabon titin Abuja da ita, wannan kam ko tsufa ya kwashe komai daga kaina, ita za ta rage.

Ni 'yar Maraɗi ce. Ina tsakiyar karatun aikin lafiya aka zaɓe ni cikin wani shirin musayar ɗalibai, aka ce zan yi zango ɗaya a Abuja. Daidai lokacin ne gwamnatin Najeriya take tattaro komatsanta daga Legas za ta dawo can. Da na ji an ce Najeriya, sai na ce ai gida ne, Hausa ce dai. Ashe da sauran aiki. A aji Turanci ake zubawa, ni kuwa Faransanci na sani. In na ce lakwal, a bushe da dariya, sai na gyara na ce makaranta. Cikina yana neman fura, ana tura mini sakwara. Garin kansa a lokacin bai gama zama gari ba: gine-gine babu rufi, tituna masu faɗi waɗanda in ka bi su sai su ajiye ka a daji. Ranar hutu muna hawa motar haya da ƙawata 'yar Kumasi mu tafi kasuwar Mararaba, don kawai mu ji hayaniyar mutane.

Kowace ɗaliba an ba ta gidan da za ta zauna. Sauran an kai su gidajen ma'aikatan gwamnati. Ni da yake lafiyar ƙauye nake koyo, sai aka kai ni wani ɗan ƙauye na Gbagyi, waɗanda muka saba ce wa Gwarawa, a gindin wani dutse. Gidan wata tsohuwa ne da mijinta ya rasu, kowa Mama yake ce mata. Ita Kirista ce, ƙanen mijinta da ke maƙwabtaka Musulmi, kuma ban taɓa jin wannan ya zama abin magana ba. Ita ce ma take leƙo ni ta ce rana ta karkata, ban yi salla ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Kai 'yar Faranshi, zo ka ci doya," haka take kirana, har na daina jin abin bambarakwai.

A makon farko na tafka kuskuren da ya sa ƙauyen ya san da zuwana. Mun je gona, na ga ta cika babbar ƙwarya da doya tana ƙoƙarin ɗagawa da hannu ɗaya, don sanyin ƙashi ya riga ya cinye mata hannun dama. Na yi wuf na karɓe, na yi gammo, na aza a ka, ina jin kaina 'yar kirki. Sai na ji ta ƙwalla ihu kamar ta ga maciji. Ta janyo ƙwaryar, doya ta watse.

"Kan nan shi yake ɗauke da kai duka," ta ce, tana dungure mini goshi. "Shi yake tunani, shi yake ganin hanya. Kuma ka ƙara masa doya? Wane laifi ya yi maka?"

Sai a ranar na lura da abin da yake gabana tun zuwana. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, can wajen ƙeya, su ɗan sunkuya, hannu ɗaya yana tallafe. A raina na ce wannan ai neman wahala ne da gangan, mu da muke tafiya da tulu a ka muna tafa hannu.

A tsakar gidan, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwai wata randa baƙa, babba, mai zane a wuya. Ruwanta sanyi ƙarara ko da tsakar rana, ga wani ƙamshin ƙasa da ban taɓa ji a wani ruwa ba. Mahaifiyar Mama ce ta gina ta da yumɓun bakin rafinsu, kuma Mama da kanta ta ɗauko ta a kafaɗa ranar da ta tare gidan miji. Kullum da safe sai ta shafa cikin randar kafin ta ɗebi ruwa, kamar mai gaida mutum.

Ana nan sai ga ma'aikata sun zo sun shafa jan fenti a bangon kowane gida. Titi zai bi ta kan ƙauyen. An gina musu wasu ɗakunan kwano can ta wajen hanyar Dei-Dei, an sa ranar da katafila za ta shigo. Mota ɗaya aka ba ƙauyen, wata tsohuwar tifa, don duk wata babbar mota mai lafiya tana hanyar Legas tana jigilar kayan ofis. A sawun farko aka loda hatsi da ƙyamare da awaki da tukwane wuri guda. Da aka isa, ko tukunya ɗaya ba ta kai da rai ba.

Daga ranar Mama ta daina cin abinci sosai. Ta ce randarta ba za ta hau mota ba. 'Yarta tana aure a nesa, ga tsohon ciki. Sauran matan kowa na fama da nata kayan. Ƙanen mijinta ya ce zai ɗauka, ta ce tunda aka gina randar nan namiji bai taɓa ɗaga ta ba. Na same ta zaune kusa da ita, ta zuba mata ido.

"Bar shi nan," ta ce. "Katafila ya taka shi. Ni ma da zai taka ni da na huta."

Maganar ta soke ni. Na ce, "Mama, ni zan kai ta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da kai?"

"Da kafaɗa."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har da tari. Wannan dariyar ce ta ƙarasa ni. Ni dama tun ina ƙarama, in kana so in yi abu, to ka nuna mini ba zan iya ba.

Washegari na fara. In na dawo daga makaranta sai in cika ƙwarya da doya in aza a kafaɗa in yi ta zagaya gidan. Matan ƙauyen suka samu abin kallo kyauta, har kujera ake kawowa. Wannan ta ce in ƙara sunkuyawa, waccan ta ce na cika sunkuyawa. Na fasa wani tsohon tulu, na kusa take kazar Mama. Fatar kafaɗata ta saluɓe, in zan sa riga sai na cije leɓe. Mama tana shafa mini man kaɗanya tana faɗa, wai wa ya aike ni. Amma na lura ta koma cin tuwonta.

Ranar ƙarshe kafin shigowar katafila ta faɗo daidai da ranar da za a kai mu, ɗaliban musaya, kallon bikin tarbar gwamnati. Mai kula da mu wata Hajiya ce 'yar boko, ma'aikaciyar gwamnati, ba ta fita sai da gyale mai tsada da takalmi mai tsini. Na je na gaya mata ba zan samu zuwa ba. Ta sauke tabarau ta ce, "Ke! Daga wata ƙasa kika zo, ana abin tarihi a gabanki, ki ce mini randa? Randa fa kika ce?" Na ce randa. Ta ce to, ai sai in je, tunda ba na jin magana.

Da safe mata biyu suka ɗaga mini ita suka aza a kafaɗata, bayan sun sa mini tsumma a ƙasa. Na zura hannu na kama bakinta. Babu ruwa ciki, amma nauyinta ya sa na ji ƙafafuna sun nutse. Su suka ɗauki nasu kayan suka yi gaba da saurinsu na gado, nan da nan suka ɓace mana. Saura ni da Mama, tana biye da ni da sanda a hannu, kazarta ɗaure a baya cikin zane. Ba ta waiwayi gidan ba. Ni ma ba ni da halin waiwaye, ƙasa kawai nake gani: duwatsu, saiwoyi, sawun matan da suka wuce. Muka gangara rafi, muka hau tudu, gumi yana shiga mini ido. Inda duk na ji zan faɗi sai in tuna dariyar nan.

Rana ta yi tsaka muka iso bakin sabon titi. In mun tsallake, saura kaɗan. Sai wani ɗan sanda ya ɗaga hannu. "Madam, tsaya can! Ba wucewa, oga ya hana." An rufe hanya, ayarin manyan motoci ne daga Legas, ɗauke da tebura da kujeru da akwatunan ƙarfe, wata na bin wata, ba ka ganin ƙarshensu.

Tafiya da kaya wahala ce, amma tsayuwa da shi ta fi. Randa gindinta a mulmule yake, mutum ɗaya ba ya sauke ta daga kafaɗa. Inda muke tsaye kuwa tsakuwar aikin titi ce mai kaifi, ga kwalbati a gefe. Ƙari a kan haka, tsumman da aka sa mini ya zame ya faɗi tun a hawan tudu, yumɓu yana gurzar ciwon kai tsaye. Na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayana, na san ba gumi ba ne. Hannuna ya fara rawa, randar ma ta fara.

Mama ta matso ta ga rigata. Muryarta ta canza. "Yarinya, mayar da shi kai. Na yarda. Ba wanda zai ce komai." Na girgiza kai a hankali. Da hannun da yake rawa haka, in na ce zan ɗaga ta zuwa ka, a ƙasa za ta ƙare. Ko da ma zan iya, na ce kafaɗa, kuma kafaɗa nake nufi. Sai ta ce, "To sake shi. Ƙasa ne, ya koma ƙasa. Kai mutum ne." Tana kuka. Ni ma hawaye ya zo, amma na haushi. Na ce, "Mama, don Allah ki yi shiru, kina ƙara mini nauyi."

Ban san motar ɗalibanmu tana cikin waɗanda aka tsare a gefen hanya ba, sai da na ji muryar ƙawata 'yar Kumasi tana kiran sunana ta taga. Kunya ta rufe ni. Daga nan na ga takalmi mai tsini yana tangaɗi a kan tsakuwa, ya zo ya tsaya a gabana. Na shirya jin faɗa.

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Ke dai kin cika rigima, wallahi."

Ta cire gyalen nan mai tsada, ta naɗe shi gammo. Ita da ƙawata suka tallafi gindin randar suka ɗan ɗaga, ta cusa gyalen a kan ciwon. Ta ce ko su sauke mini gaba ɗaya in huta. Na ce in na sauke ba zan sake ɗauka ba. Sai suka tsaya haka, hannuwansu a ƙarƙashin randar, direbansu yana ta danna oda, har motar ƙarshe ta wuce. Hajiya ta ce, "Oya, tafi. Gyalen kuma na yafe, ya riga ya gama yawo."

Na tsallake. Ban san yadda na ƙarasa ba, na dai san matan da suka riga mu isa sun fito da guɗa, suka sauke mini ita a bayan ɗakin kwanon da aka ba Mama. Na zube a ƙasa. Mama ta durƙusa ta ƙwanƙwasa cikin randar da yatsa, ta saurara. Ƙarar ta fita garau, babu tsaga.

Wurin babu rafi, babu mangwaro, tanka ce take kawo ruwa, ruwan kuma warin ƙarfe yake yi. Tun isowarmu Mama ta ƙi shiga ɗakin, ta zauna a waje kan ƙullin kayanta kamar mai jiran mota. Aka tona rami aka kafa randar, aka cika ta. Da la'asar ta tashi ta shafa cikinta, ta ɗebo a ƙwarya ta kurɓa. Ta daɗe da ruwan a baki kafin ta haɗiye. Sannan ta miƙo mini. Sanyi ƙarara, da ƙamshin ƙasar nan na tsohon gida.

"Yanzu na zo," ta ce. Ta ɗauki ƙullinta ta shiga ɗaki.

Na koma Maraɗi da takardar shaida, da 'yar guntuwar Turanci, da tabo a kafaɗar hagu wanda har yau yake nan. Mama ta daɗe da rasuwa. Na ji an ce inda ƙauyen yake yanzu ko dutsen sai ka lura za ka gane shi. Ban ga bikin ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka je ƙasar mutane, cin abincinsu da koyon gaisuwarsu duk mai sauƙi ne, baƙo ma yana yi. Ba ka zama nasu sai ranar da ka ɗauki abin da ya yi musu nauyi, kuma ka ɗauke shi yadda su suke ɗauka, ko da kana ganin taka hanyar ta fi sauƙi. Shekaru na yi ina aiki a ƙauyukan da ba nawa ba, kuma duk gidan da na shiga, kafin in ce ga yadda ake yi, sai na ji kafaɗata ta tuna mini in fara duba yadda suke yi.