Muryoyin da Na Bari a Tsohuwar Saba

A lokacin ina budurwa, ina aiki a wani ɗakin hoto kusa da Kasuwar Umdurman. Iyalan Hausawa kan kawo mana tsofaffin hotuna da kasakasai mu juye musu a kwamfuta. Muna da kwamfutocin ajiya biyu da muke kira saba: tsohuwa mai nauyi a cikin kabad, da sabuwa ƙarama da za a iya rungumewa. Waya guda ce ta haɗa su ta ƙarƙashin ƙofa.

Maigidana ya sa ni in kwashe komai zuwa sabuwar, amma fayilolin tafiyar hawainiya suke yi. Gaskiya jinkirin daɗi yake min. Ina jira sai in sa muryar haboba, kakata, da ke ajiye a tsohuwar sabar, tana ba da labarin yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka. In lumshe ido, ƙamshin kofi na shigowa daga titi, in ga ayari yana ratsa rairayi, in ji kamar ni ce a goye. Kullum sai in ce gobe zan binciki matsalar.

Da yaƙi ya iso unguwarmu, kawuna ya tsayar da mota a bakin shagon da hantsi, ya ce in ɗauko abin da zan ɗauka. Na kashe na'urorin na kunna, na sauya akwatin da ke raba wayoyi, na zargi faifan ajiya, duk babu canji. Sai na lura fitilar bayan sabar ruwan ɗorawa ce, alhali koriya ya kamata ta zama. Na bi wayar da yatsa har ƙarƙashin ƙofa, na tarar ta tauye. Ina sauya ta fayiloli suka kwarara kamar an buɗe famfo. Hotuna suka wuce, ana shirin shiga muryoyi, aka ɗauke wuta.

“Yalla, mu tafi, 'yata, rai ya fi,” in ji kawu daga waje.

Na rungumi ƙaramar na fito. Sai da gari ya ɓace a bayanmu na tuna cewa da na kwance faifan tsohuwar sabar na jefa a jaka, da muryoyin sun tsira. Daga baya muka ji shagon ya ƙone, har da kasakasan. Haboba kuwa ta rasu a inda muka yi hijira.

Yanzu ina da fuskarta, ba ni da muryarta. Wani lokaci nakan ji ta a mafarki, in farka ban riƙe ko kalma ba. 'Yan'uwa, idan na'ura ta fara nawa, ku bincika tun a ranar, ku fara da waya. Kuma idan tsohuwarku na raye, ku je ku zauna kusa da ita, ku saurara da kunnenku.