Ƙasar Yawunde a Cikin Leda

Shekarar da Baba ya yanke shawarar mu koma Yawunde ina da shekara goma sha biyar, kuma damina biyu ke nan a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero zai fitar da kai. Takin zamani kuwa ya zama abin kallo. A kasuwar Tsanyawa mutane kan tsaya su gaishe da buhunsa su wuce. Gonarmu dama ba wata gona ba ce. Bayan an raba gadon kakanmu, abin da Baba ya samu, idan akuya ta yi tsalle mai kyau a gonar baffana za ta dira.

Ƙanen Inna, wanda muke kira Kawu, ya daɗe a Kamaru yana sayar da albasa, shi ya ce Baba ya zo su haɗa hannu. Baba ya so ya tafi shi kaɗai kamar masu cin rani. Inna ta ce ba ta yarda ba.

"Malam, cin rani wata huɗu ne. Kai kuwa ba ka faɗi ranar dawowa ba. Ka nemo inda za mu zauna gaba ɗaya."

Aka tsaya a kan Baba zai yi gaba, mu biyo shi da ni da Inna da ƙannena biyu idan ya zauna. Sai dai Kawu ya ce ɗaki a Yawunde ba ya jiran mutum, dole a kama tun kafin Baba ya taso. Haka aka yi muka zaɓi unguwa a garin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, muna zaune a tsakar gida.

Ni ce mai riƙon wayar gidan. Waya ba ta kamawa sai a gefen rumbu, can ma sai na hau turmi na ɗaga hannu kamar mai roƙon gafara. Kawu ya fara turo bidiyon unguwar Hausawa, ga masallaci ga kasuwa. Inna ta so wajen, amma ɗaki ɗaya ne tak, a wani lungu da mai ƙiba sai ya bi ta gefe. Aka bar shi. Saura biyu, kowanne ɗaki biyu: ɗaya a kan tudu, ɗaya a gangare mai ɗan fili a baya, ciyawa kore shar a tsakiyar rani.

Baba bai kalli ɗakunan ba ko sau ɗaya. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ce masa ya sunkuyar da wayar. Ƙasa nake son gani."

Kawu ya aiko da murya yana dariya: "Yaya, kwana za ka yi a wajen ko shuka?"

"Ce masa ba a zama a ƙasar da ba a taɓa ta da hannu ba. Ya ɗebo mini."

Wallahi ya ɗebo. Bayan kwana tara wani direban motar albasa ya kawo ƙullin leda biyu Kano, yaron motar garinmu ya ƙaraso da su. An ce a hanya sau uku ana kwance ledar ana shinshinawa, don ba wanda ya yarda mai hankali zai aiko da ƙasa daga Kamaru.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ga Baba, ga baffana, ga liman, ga wani tsoho maƙwabcinmu mai haƙori biyu. Ni ina bakin zaure da waya, Inna tana bayana daga ciki. Aka kwance ledar tudu: ja ce, duk tsakuwa. Baffa ya zuba mata ruwan buta, ya murza, ya taɓe baki.

"Fako ne. Ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito a nan."

Aka kwance ta gangare. Baƙa wuluk, mai laushi, tana kama yatsa. Tsohon nan ya ɗan lasa, ya lumshe ido ya ce fadama ce. A garinmu gida biyu ne kaɗai ke da fadama, kuma ko tari maigidansu ya yi daga nesa ake yi masa sannu. Ga shi Kawu ya ce hayar gangaren ta fi ta tudu sauƙi. Nan take majalisa ta yanke hukunci cewa mutanen Yawunde ba su san ƙasa ba.

Na ruga na hau turmi na aika wa Kawu. Ya dawo da murya, na kawo na kunna musu, wannan karon babu dariya: "Yaya, gaskiya wajen nan ruwa yana kwanciya idan damina ta sauka. Kwanciya sosai fa."

Baba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi." Liman ya ce masha Allah. Mutanen nan sau biyu suna fita roƙon ruwa a shekarar, ba za ka tsorata su da ruwa ba.

Inna ta taɓo ni daga baya. "Ke, tambaye shi me ya sa har yanzu ba wanda ya kama ɗakunan."

Na ji ta sarai. Amma na riga na gaya wa duk 'yan ajinmu cewa ni ta ƙasar waje ce, kuma na san idan aka fara tambayoyin Inna, sai an tambayi rijiya da injin niƙa da halin maƙwabta har ɗakin ya tafi. Na koma kan turmi, na ɗaga wayar sama, na juya ta hagu da dama, na ce ta daina kamawa.

Baba ya tafi. Sati biyu da zuwansa ya shuka alayyahu da kuɓewa a bayan ɗakin, kullum da yamma sai ya nuna mana su a waya ɗaya bayan ɗaya kamar jikoki. Inna ta shiga ɗaure kaya. Ta daka kuka da barkono abin da zai ciyar da rabin Kamaru, ta kai wa gwaggona kajinta riƙo.

Ashe damina a can tana riga tamu sauka. Muna nan cikin zafin bazara, ko gajimare babu, wata rana bayan azahar waya ta yi ƙara. Na hau turmi. Sai ga Baba tsaye a kan gado, ya naɗe wando har cinya, tabarmarsa tana yawo a tsakiyar ɗaki. Muna kallo butarsa ta fice ta ƙofa ba sallama. A bango akwai wani baƙin layi daidai ƙugu, wanda ya ce da ya zaci ado ne mai gidan ya yi. Ruwan bara ne ya bar shi.

Inna ta karɓe wayar. "Malam, lafiyarka ƙalau?"

"Lafiya lau. Kin ga ruwan nan? Da rabinsa ya sauka a gida..." Ya sake kallon ruwan. "Amma shinkafa za ta yi a nan."

"'Ya'yana ba shinkafa ba ne, Malam."

Washegari Kawu ya koma neman ɗakunan tudu, an kama. Na unguwar Hausawa ma an kama. Baba ya tattara abin da ya rage ya koma ɗakin da Kawu ke kwana da wasu maza biyar a bayan kasuwa, inda ko tsintsiyar mace ba ta da wurin jingina. Ya ce mu ƙara haƙuri zuwa rani. Inna ta kwance kayan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da kowanne inda yake, ta aike ni na karɓo kajinta.

Namu ruwan shukar bai sauka ba sai bayan wata biyu. Da safe baffa ya ɗauki sungumi yana sara, ni da ƙannena muna binsa muna zuba gero muna rufewa da ƙafa. Muna tsakiyar gona ƙanwata ta ce yaushe za mu tafi wajen Baba. Na ce ta rage yawan irin da take zubawa, ba shi da yawa.