Malam Ado Mai Rasit Ya Bar Min Littafinsa

Da safen nan ina shan koko waya ta shigo: Malam Ado mai rasit ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi na tarar a sashen kuɗin shiga lokacin da aka ɗauke ni aiki a Makarfi. Shi ya koya min yankan rasit. A bayan tsohon mashin ɗinsa na san kasuwannin yankin nan, masu rake, masu mazarƙwaila, masu kwandon tumatir.

Ranar farko wani ya miƙo min sandar rake. Malam ya riƙe hannuna ya ce, "Isiya, saya za ka yi ko ka bari."

Da matata ta haihu albashi bai shigo ba, sai ga shi da tiya biyar ta masara, ya ajiye a zaure ya tafi.

Yana da wani littafi mai baƙin bango. Ya ja layi uku a ciki: abin da muka tara a kasuwanni, abin da jiha ta tara, da kason da ake turowa daga Abuja. Shekara da shekaru yana cikawa. Ko da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu Taba, in an faɗi rabon wata a rediyo sai ya rubuta.

Yakan ce, "Da muka fara, jaka ɗaya ke ɗauke kuɗin wata. Yanzu sifiri ya yi wa layin yawa. Rabi ƙiba ce, rabi kumburi, tunda naira ta faɗi. Amma dai sun ƙaru."

Bai taɓa zagin haraji ba. Cewa yake gwamnati ba ta da gona, da me za ta yi aiki?

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce bayan azahar ina ofis ni kaɗai, ba wuta. Ban ji ƙarar mashin ba. Ɗaga kai kawai na yi na gan shi tsaye cikin farar riga.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ce in ɗauko masa tsofaffin kan rasit, wato ɓarin da ke saura a wajenmu, daga sito. Yana buɗewa yana karanta sunaye a hankali.

"Tanko mai rake, ya rasu. Iya Delu mai daddawa ta Kurmin Kogi, ta rasu."

Sai ya dube ni. "Kwanan nan suna zuwa min, Isiya. Da rana tsaka. Su tsaya a bakin zaure, kowa da rasit ɗinsa a hannu. Ba sa faɗa. Iya Delu ce kaɗai ke magana. Ta ce, Malam, ina gadar?"

Ashe duk sanda zai karɓi kuɗinta yakan ce mata ta yi haƙuri, da su za a yi musu gada a rafin da ke hana su zuwa kasuwa da damina. Har ta mutu tana tattare zani tana shiga ruwa.

Na ce, "Baba, ai kai aiko ka aka yi."

Ya ce, "Da bakina na faɗa mata."

Ya ɗora littafin a teburina. Ya ce akwai layi na huɗu da bai taɓa ja ba, na abin da aka yi da kuɗin. "Kai da sauran ƙafa. Ka bi gari-gari ka gani da idonka, ka rubuta."

Da muka yi musabaha hannunsa sanyi ƙalau, ga garin da zafi.

Ɗazu bayan an kai shi, nake ba babban ɗansa Nasiru labarin. Ya tsura min ido.

"Yaya Isiya, wace Alhamis? Baba tun Litinin bai tashi ba. Juya shi muke yi."

Na kira maigadin ofishinmu a waya. Ya ce shi bai ga kowa ya shiga ba, amma ya je sallah.

Ban sani ba, wallahi. Ko ya lallaɓa ya fito mutanen gidansa suna gona, ko ni ne na rikice. Allah ne masani. Littafin dai yana cikin durowata, na dawo na duba.

Abin da zan iya shaida shi ne, shekarun da na yi a bayansa ban ga ya sa sisin kowa a aljihu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan ja layin, kuma daga rafin Kurmin Kogi zan fara.

Allah Ya jiƙan Malam Ado, Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya taɓa yankar wa rasit, ko ya yankar wa iyayensa, don Allah ya yafe masa. Ku sa shi a addu'a, ku haɗa da Iya Delu.