Tayar da Salansa Ta Cinye a Hanyar New Bussa

Da ƙarfe tara saura kwata na safe na fara jin warin roba. A lokacin mun ɗan wuce Sahon Rami, ina matse a kujerar baya, kekena kuma yana ɗaure a but ɗin motar.

Tun bayan sallar asuba muka baro gida zuwa tashar Kontagora, mu uku 'yan makaranta ɗaya. Gasa za mu je a bakin tafkin Kainji, irin wadda ake haɗa wasa uku a jere: iyo, tseren keke, sannan gudu. An yarda mutum uku su raba aikin. Mai iyonmu a bakin kogi ta girma, wajen Yawuri. Mai gudunmu 'yar Dukku ce, ba ta kirana da komai sai Malama, don kullum da littafi take ganina. Ni ce ta tsakiya, mai keke. Idan ban kawo keken ƙarshen zangona ba, mai gudu ba za ta ko ɗaga ƙafa ba, wahalar mai iyo kuma ta tashi a banza.

Na daɗe ina karatu a kan ƙafafun keke kafin tafiyar. Na guji wili mai faɗin baki duk da kyansa, domin iskar bakin tafki tana ture shi gefe. Na zaɓi mara nauyi, na sa aka aiko mini da siraran tayoyi daga Kaduna, masu santsi, kaurinsu bai wuce babban yatsa ba. Tsofaffin tayoyina masu ɗan kauri, waɗanda na yi dukan atisayena da su, na cusa su a buhu har da tub ɗinsu, don ni ko biki zan je sai na tafi da allura da zare.

A tasha direba ya ɗora keken a kan buhunan masara, ya bar but a buɗe, ya ɗaure da igiyar roba. Na ga ƙafar keken ta baya ta sauko ƙasa sosai. Na so in yi magana, amma mutane sun cika wurin, shi kuma yana ta faɗa da kwandasta, sai na haɗiye.

Da warin ya yi yawa, mai gudunmu ce ta buga bayan kujerar direba. Muka tsaya a gefen wata gonar dawa. Ashe tayar keken ta baya ta kwanta daidai bakin salansa tun daga Kontagora, ta narke ta yi baki kamar ƙanzo, tub ɗin ma ya tafi. Direba ya leƙa ya ce, “Hajiya, ai ba komai, mai faci zai gyara.” Na juya wilin a hankali ina kallon ko ya karkace. Bai karkace ba, kuma wannan ne kaɗai abin daɗin da na gani a safiyar.

Sauran hanyar ban more ta ba. Kwalta ta ɓare a wurare da yawa, mota tana bin gefe kamar mai tsoron taka tabarmar mutane. A wani ƙauye mata suka kewaye mu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, da araha fiye da ta gida. Abokan tafiyata suka ci, ni kuwa masarata ta huce a hannuna.

Bayan azahar muka shiga New Bussa. Gari ne mai faɗin tituna da inuwa, ƙamshin soyayyen kifi ko'ina. Muka bi shagunan kayan keke ɗaya bayan ɗaya. Tayar keken zuwa gona ce a rataye a kowane shago. Wani ya ce in bari ya naɗe wurin ƙunar da roba. Wani ya ce in sa siririya a gaba, mai kauri a baya. Wani kuma ya tambaye ni ko keken na yayana ne. Kowa da tasa shawarar, babu mai irin tayata.

Da la'asar na bar su a masauki, na taka wani yanki na hanyar tseren da ƙafa. Ba irin titin da na gani a hotuna ba ne. Faci ne a kan faci, ga tsakuwa a kowace kwana, ga wani gangare da ruwan damina ya zaizaye. Na tuna na taɓa karanta cewa a hanya mai gargada siririyar taya mai tauri tsalle take yi, mai ɗan kauri kuma tana bin ƙasa. Lokacin da na karanta ban so in yarda ba, don na riga na yi odar nawa. Na koma na cire siririyar da ta rage, na mayar da tsofaffin biyu. Da famfon hannu na ba su iska, na tsaya tun babban yatsana yana iya ɗan lotsa su.

Washegari mai iyonmu ta fito daga ruwa cikin na farko-farko, tana haki ta taɓa kafaɗata. Ina hawa aka fara wuce ni. Masu siraran tayoyi suka riƙa shuɗewa ta gefena da wani siririn sauti, kowane ɗaya kamar yana cire mini wani abu a ƙirji. A gangaren nan na riƙe birki fiye da yadda ya kamata. Ban kalli kowa ba, layin kwalta kawai nake bi, har na hango jar rigar mai gudunmu. A tsakiyar jerin muka ƙare, ba mu samu komai ba sai ruwan leda da tafi.

A hanyar dawowa ni na nuna wa direba yadda zai ɗaure keken, da bakina, a gaban kowa. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: in duba hanya kafin in zaɓi taya, in kuma yi magana tun a tasha. Amma wata tambaya ta hana ni sakewa. Na yi wa mai iyo ita, ta yi kamar barci take. Sai da muka sauka a Kontagora, muna kwance igiya, na ce wa mai gudunmu, “Da siraran nan ne a ƙafar, da mun fi haka, ko?”

Ta ɗora buhun a kanta, ta ce, “Malama, ni da nake tsaye ina jira, na ga masu siraran taya suna turo kekensu da hannu taya ta fashe, waɗanda suke jiransu har sun zauna a ƙasa. Ke a kan naki kika zo. Ɗauki famfonki mu tafi.”